Ranar da Yaya ta Kira Sunana

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, da na masu tambaya ko sanyi ne ya daskarar da yatsuna, da na masu cewa in turo hoton dusar ƙanƙara. Ba ta fara sauka ba tukuna. Ku yi haƙuri da shirun da na yi. Abin da zan ba ku yau ba irin na baya ba ne, don haka ku bar ni in bi shi a hankali, kamar mai tsintar shinkafa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Ummukulthum, 'yar Karaye ce ni. Ina karatun kimiyyar ƙasar noma a jami'a a Kano, sai aka zaɓe ni cikin ɗaliban da za a yi musayarsu da wata jami'a a birnin Konya na ƙasar Turkiyya, zangon karatu ɗaya. Mahaifina ya rasu tun ina goye. Kakata ta wajen uba, Inna Talatu, ita ta yaye ni, ita ta riƙe ni, a gadonta na girma. Mahaifiyata kuwa ta sake aure a Rogo, ta haifi ƙannena su Musbahu, mijin nata nake ce wa Baba.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ban taɓa ce mata Umma ba. Yaya nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. In na je hutu Rogo, sai dai in ji ta ce wa yara, "Ku kai wa 'yar Karaye abinci." In muka haɗa ido ta kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kuma duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san ta. Naman da ya fi kowanne tsoka a kwanona nake samunsa, amma bakinta bai taɓa tambayata ko na ƙoshi ba.

Tafiyar nan ba da son Baffa Mijinyawa aka yi ta ba. Shi ne yayan mahaifina, shi ne babba a gidan, kuma shi zai ba da aurena. Ranar da na kawo maganar, a ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna, hularsa a gwiwa.

"Inna, 'ya mace, ƙasar da ba dangin iya ba na baba? Ga iyayen yaron nan Salman sun kawo gaisuwa, sa rana kawai suke jira. Me zan ce musu?"

Inna tana zaune ta miƙe kumburarriyar ƙafarta a kan tabarma, tana ɓare gyaɗa. Ba ta ko ɗago ba.

"Ka ce musu ranar ba guduwa za ta yi ba. Ni iyakacin tafiyata Kafin Dafga ce da Kano, Kanon ma asibiti. Bari ƙawata ta je ta gano min ƙarshen duniya, ta dawo ta ba ni labari."

"Amma Inna..."

"Mijinyawa, ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Nan maganar ta mutu.

Salman yana da shagon gyaran injin ban-ruwa a hanyar dam. Mutum ne mai sanyin hali, wanda in ya yi dariya sai ya rufe baki da bayan hannu. Inna ba ta kiransa da komai sai "ango mai baƙin mai", shi kuma ya ce mata amarya. Ana gobe zan tafi ya zo sallama bayan la'asar, muka tsaya a zaure. Hannuwana suna ɗaure da lallen da Inna ta kwaɓa da kanta, don ta ce ba za a ga ƙawarta a ƙasar mutane da fararen farce kamar mara gata ba.

Na ce, "Abu biyu nake roƙo. Ka riƙa leƙa min ita kullum. Kuma kada ka ɓoye min komai, ko ciwon kai ta yi."

Ya ce, "Na farkon ai ko ba ki roƙa ba. Wa zai dama min fura in ba amaryata ba?"

"Na biyun fa?"

"Na ɗauka, Ummu."

Da na sauka komai ya tafi daidai. Aka ba ni ɗaki a gidan kwanan ɗalibai mata, ni da wata 'yar ƙasar, doguwa mai yawan dariya, wadda Turancinta da nawa suke haɗuwa a tsakiyar hanya. Na jera atamfofina a kabad, na tura kullin kuka da daddawa da yajin Inna can ƙasan akwati cikin leda biyu, don kada wari ya kore min abokiyar zama. Tsohon mayafin Inna, ruwan toka mai bakin zare, wanda na ɗauko ba ta sani ba, na shimfiɗa shi a kan matashi.

Kullum da hantsi saƙon murya yake shigowa ta wayar Sadiƙa, 'yar Baffa, wadda ta koma kwana ɗakin Inna bayan tafiyata. Inna ta ɗauka tunda ƙasar da nisa, dole sai ta ɗaga murya.

"Ƙawata! Kina ji na? Sadiƙa, ya fara tafiya? To. Ki riƙa sa safa. Akuyarki ta haihu, duk mata. Angonki ya zo jiya ya shanye min fura, ya bar min kwanon ba wanki. Kin ci abinci? Me suke ci a can? Kada ki yarda ki dawo min a rame. Sadiƙa, kashe haka nan."

Ina sauraro ina dariya ni kaɗai, 'yar ɗakinmu tana taya ni ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba.

Ana saura 'yan kwanaki mu fara shiga aji, saƙon ya ɗauke.

Na rubuta wa Sadiƙa, "Ina ƙawata yau?"

"Tana barci, Anti."

Washegari na sake.

"Ta je suna Kafin Dafga."

Inna da ba ta iya hawa babur saboda ƙafa? Na kira Baffa, muka gaisa, na ce a ba ni Inna. Ya ce yana kasuwa. Na sake kira da yamma na ce a ba ni Inna, ya ce tana sallah. Kullum na kira, kullum na ce a ba ni ita, kullum da inda ta shiga.

Sai na lura da wasu abubuwa ƙanana. Guruf ɗin gidanmu, wanda ba ya wuni ba a turo addu'ar safiya ko hoton jariri ba, ya yi tsit kamar an share tsakar gida an watse. Sitatus ɗin Sadiƙa, yarinyar da ko sabon ɗankwali ta ɗaura sai duniya ta gani, ya ɓace. Na 'yan uwana duka ya ɓace, a rana ɗaya. Salman kuma ya koma rubutu. "Ya sanyi?" "Allah ya ba da sa'a." In na kira ta bidiyo sai ya ce hannunsa da mai.

Na yi ta ba kaina haƙuri. Na ce sabis ne. Na ce kaka ce ta kama, kowa yana gona wajen cirar gyaɗa. Amma jikina ya ƙi yarda. Ina hawa matattakala sai in ji tarin Inna a bayana, irin ƙaramin tarin nan da take yi kafin ta kira ni, in waiga ba kowa. A jirgin ƙasa na cikin gari na ga wata tsohuwa tana jan carbi da babban yatsa, tana gyangyaɗi, kamar an ɗauko Inna an sauya mata fata. Na yi ta kallonta har na wuce tashata. Mayafin nan kuma, wanda ƙamshin man shanu da turaren wuta ya fara barinsa, sai ya dawo da ƙamshinsa sabo, kamar yanzu ta cire shi.

Ranar da za mu fara shiga aji na tashi da niyyar in bar zargi a ɗaki. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda Inna ta ce tana sa ni kama da matar gwamna. Na ɗora rigar sanyi mai kauri, na sa farin hijabi, na sa safa kamar yadda aka umarce ni. Na ɗauki hoto a madubi na tura wa Sadiƙa. "Ki nuna wa ƙawata, yau za a fara." Alamar an gani ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Ajin yana da faɗi, tagoginsa manya, kujeru hawa-hawa. Mu baƙi aka zaunar da mu a gaba. Malamar dattijuwa ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta shigo da faranti cike da ƙananan kwanuka, kowanne da ƙasa a ciki, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa. Ta ce a ajinta hannu ne yake fara karatu kafin ido. Kowa ya ɗiga ruwa a tasa, ya murza, ya ji yadda take.

Tawa ja ce. Na ɗiga ruwan, ƙamshi ya taso, irin na tsakar gidanmu in Inna ta yayyafa ruwa kafin shara. Na murza, ta manne min a yatsu, ta shiga ƙarƙashin farcena inda jan lalle ya fara ja da baya. Nan take wani abu ya faɗo min.

Ranar da saƙon Inna ya fara ɗaukewa, na kira Salman ta bidiyo, ya ɗaga, da alama cikin kuskure. Wayar tana kallon ƙasa. Na ga gwiwoyin wandonsa da bakin hannun rigarsa sun yi dumu-dumu da jiƙaƙƙiyar jar ƙasa. Ya yi sauri ya ce wani inji suke cirowa a bakin rafi, ya kashe. A lokacin ban kawo komai ba. Sai yanzu na tuna farar shadda ce a jikinsa. Wa yake shiga rafi da farar shadda? Kuma ƙasar bakin rafinmu baƙa ce. Ja tana can bayan gari, wajen maƙabarta, inda maza suke zuwa su dawo ba sa magana.

"Ke daga Najeriya," in ji malamar, tana murmushi. "Yaya ƙasar garinku take?"

Duk ajin ya juyo. Ni da na zo da bayani a baki, na tanadi Turanci tun daga Kano.

Na ce, "Ja ce."

Ta jira in ƙara. Da ta ga ba ƙari, ta dafa kafaɗata a hankali ta wuce ta gaba.

Muna fitowa, rana ba ta kai tsaka ba, sai na ji murya daga hasumiyar masallacin unguwar. Ba kiran sallah ba ne. Salati ne ake ja a hankali, mai tsawo, mai sa tsigar jiki tashi. Na duba agogo, na dubi 'yar ɗakinmu da ta zo tarata mu tafi cin abinci.

Ta ce, "Wannan sanarwa ce. In an yi mutuwa a unguwa, ladan yakan yi salati, sannan ya faɗi sunan wanda ya rasu, don kowa ya ji, na kusa da na nesa. Ku ba kwa yi?"

Na ce, "Muna yi."

Ban ƙarasa mata ba. Ban ce mata a garinmu akwai waɗanda ake tsallakewa ba: mai jinya, da mai tsohon ciki, da matafiyi. Matafiyi ana barinsa ya gama abin da ya kai shi, ya dawo, a tare shi a tasha da fara'a, a ba shi ruwa ya sha, sannan wani dattijo ya ja shi gefe. Tausayi ne. Na san tausayi ne. Ban dai taɓa tunanin yadda yake ga wanda ake tausayin ba.

Na ce mata ta je, ba na jin yunwa. Na samu benci a ƙarƙashin wata bishiya da ganyenta ya yi ruwan ɗorawa yana zuba, na zauna. Ladan ya faɗi sunan wani bawan Allah da ban sani ba, na ce Allah ya jiƙansa. Sai wayata ta yi ƙara.

Lambar tana cikin wayata tun ranar da na fara riƙe waya, amma ba ta taɓa kirana ba. Ko ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a, ƙanina aka sa ya kira. Sunan yana ta haske a hannuna: Yaya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Yaya, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya baƙunta? Ya sanyi?"

"Alhamdu lillahi. Ya su Musbahu? Ya Baba?"

"Duk lafiya. An ce yau kuka fara karatun."

"E, yanzu muka fito."

"To madalla. Allah ya yi albarka." Sai ta ƙara da cewa, "Kina dai cin abinci ko? Me suke ba ku?"

'Yan uwa, tambayar Inna ce. Kalma da kalma tambayar Inna ce, a bakin da bai taɓa yi min ita ba. Na buɗe baki in amsa, sai na ji wani sauti a bayanta: injin markaɗen Maikuɗi, wanda sai ya yi ta tari kamar zai mutu kafin ya kama. Injin nan a jikin katangar ɗakin Inna yake. Da shi nake tashi tun ina yarinya. Ko a cikin injina dubu zan gane shi. Ƙarƙashin ƙararsa kuma muryoyin mata ne da yawa, ƙasa-ƙasa. Wata ta yi sallama daga zaure, aka yi saurin cewa da ita, "Shhh."

"Yaya, kina Karaye ne?"

"Na... wucewa na zo yi."

Yaya ba ta kwana a gidan nan ba tun da ta gama takaba ta fita. In ta zo gaida Inna, a tsaye take gaisuwar, mayafi har goshi.

"To ba ni Inna."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Yaya, don Allah ba ni Inna, ko muryarta in ji."

"Ki kula da kanki," ta ce. "Ki yi karatunki. Kin ji, Ummukulthum?"

Ta kashe.

Na zauna riƙe da wayar. Shekaruna duka ina son in ji yadda sunana zai fito daga bakin nan. Na sha kwanciya a Rogo ina ƙirƙira shi a raina. Ga shi ya fito, cikakke, ba ta gutsure ko harafi ba, kuma ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamarsa ba. Na san Yaya. Ba za ta ajiye kunyar da ta riƙe tun haihuwata don an fara karatu ba. Ta duba ne ta ga babu sauran mai tambayata ko na ci abinci, sai ta taka ta tsaya a gurbin. Alheri ta yi niyya. Shi ya tona su.

Na koma ɗaki, na yi alwala, na yi azahar. Da na ɗaga hannu zan yi wa Inna addu'a sai na rasa me zan ce. Na sauke hannun. Na kira Salman ta bidiyo, ya ƙi ɗagawa. Na sake. Na rubuta masa, "Zan yi ta kira har cajina ya ƙare." Sai ya ɗaga.

Yana cikin shago, a kan wani tsohon inji. Ya rame. Idonsa yana ko'ina ban da kaina.

"'Yan makaranta! Ya ajin? An ba ku bulala?"

"Salman, tashi ka kai wa Inna wayar nan."

"Yanzu? Ai ina da aiki, ga mai shi yana jira. Kuma ina jin ta je ƙauyen Yola karɓo maganin ƙafa."

"Sadiƙa ta ce Kafin Dafga."

"To, ko can ɗin ne."

"Rantse."

Ya sa bayan hannu ya rufe baki, amma ba dariya yake ba.

"Ummu, kada ki sa ni rantsuwa."

"To na bar rantsuwa. Ba zan ce ka faɗa min komai ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, ta addini. Ga ni a kan sallaya, na ɗaga hannu na rasa abin roƙo. Wace addu'a zan yi mata? Ta samun lafiya, ko ta samun rahama?"

Ya daɗe kansa a ƙasa. Ina jin babura suna wucewa a hanyar dam, wani yana tallan rake. Garinmu yana ta harkarsa. Da ya ɗago, hawaye ya riga ya sauko masa har gemu.

"Allah ya jiƙan Inna," ya ce. "Allah ya sa ta huta. Ki yi haƙuri, Ummu."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake faɗa. Ban yi ihu ba. Na ji dai kamar an zare wani ƙashi daga bayana, na kifa goshi a kan gado. Ya bar ni na yi mai isata, bai ce in daina ba.

Da na iya magana na ce, "Ta sha wahala?"

"A'a. Zazzaɓi ne na kwana biyu. Da hankalinta har ƙarshe, da kalmar shahada. Ni na shiga kabarin tare da Baffa, mu muka karɓe ta." Ya share fuska da hannun riga. "Har tsokanata ta yi ana gobe za ta rasu. Ta ce in na bari wani Baturke ya ƙwace ki, ba ta yafe furarta ba."

Na yi dariya cikin kuka.

"Me ya sa kuka yi min haka?"

"Ita ta ce. Ta riƙe hannun Baffa ta ce, kada a faɗa wa ƙawata sai ta gama, in ta ji za ta watsar da karatun ta taho, ni kuma ba tashi zan yi ba. Ya yi mata alkawari. Da aka dawo daga maƙabarta ya tara mu a zaure, ya sa aka buɗe wani guruf ɗin ba ke, ya ce kowa ya rufe miki sitatus. Sannan ya dube ni a gaban mutane. Ya ce, kai ne ƙofar da nake tsoro. In maganar nan ta fita ta bakinka, ka sa na karya wa uwata alkawari tana kwance a ƙasa, to ka faɗa wa iyayenka su aiko a karɓi gaisuwarsu."

Na san Baffa. Ba mugu ba ne, amma bai taɓa mayar da magana cikin bakinsa ba. Inna kaɗai ke iya tanƙwara shi, ga shi babu ita.

"Ka san haka, ka faɗa min?"

"Na yi ta jurewa. Ƙarya kan sabis da suna da magani, duk na iya. Amma in bar ki kina roƙa mata lafiya alhali gafara take jira daga bakinki? Wannan ban iya ba. Duk gidan nan addu'ar wa za ta fi so?"

Kafin in amsa, wani kiran ya shigo a kan nasa. Na ce wa Salman lambar Sadiƙa ce, na kuma faɗa masa kiran Yaya da injin da na ji.

Salman ya ce, "Baffa ne. Da wayarta yake kiran waje. Ina jin Yaya ta faɗa masa kin ji injin." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ki yi abin da ya fi miki sauƙi, Ummu. In kuka ya zo miki, ki yi. Haƙƙinki ne a yi miki gaisuwa. Ni na san abin da na taka."

Ba abin da nake so a duniya lokacin kamar in ɗaga in ce, Baffa, Inna ta tafi, in ji ya ce min sai haƙuri. In ji Yaya. In ji matan gidanmu suna karɓar wayar ɗaya bayan ɗaya suna ce min ya haƙuri, kamar yadda ake yi wa kowane maraya. Amma in na yi haka, na karya alkawarin Baffa, na kuma rufe wa Salman ƙofar gidanmu da hannuna.

Kiran ya katse. Ya sake shigowa.

Na tashi na wanke fuska da ruwan sanyi. Na sha ruwa. Na gwada muryata a ɗakin da ba kowa, na ce salamu alaikum har ta daina rawa. Sannan na ɗaga.

"Baffa, ina wuni?"

"Lafiya lau, Ummukulthum. Ya karatu? An ce yau aka fara."

"An fara, Baffa. Malamar tana da kirki."

"Madalla, madalla. Ya sanyin?"

"Da sauƙi. Ya gida? Ya kaka?"

"Alhamdu lillahi, gyaɗa ta yi kyau bana." Ya yi gyaran murya. "Na ce ba. Kin yi magana da wani yau?"

"Yaya ta kira ni."

"E, ta zo duba mu ne. Ban da ita fa? Yaron nan Salman?"

"Mun gaisa."

"Bai ce miki komai ba?"



"Ya ce aiki ya yi masa yawa. Lafiya dai, Baffa?"

"Lafiya ƙalau. Lafiya ƙalau. Ki dai mai da hankali ga abin da ya kai ki."

"In sha Allahu. Baffa, a gaida min Inna. A ce mata ƙawarta ta shiga aji, ta sa safa."

Sai na ji ya ja numfashi, irin na babban mutum da yake danne abu a ƙirji.

"Za ta ji," ya ce.

Muka yi sallama. Na sauke wayar kan cinyata, na manta ban kashe ba. Shi ma ashe bai kashe ba. Baffa bai taɓa sanin inda ake dannawa a wayar Sadiƙa ba. Na ji takunsa, na ji ya fyace hanci, na ji tabarma ta yi ƙara da ya zauna. Sai muryarsa ta zo daga ɗan nesa, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban iya rabe ko fushi ne a cikinta ko kuka ba.

"Ta sani. Yau ba ta ce a ba ta Inna ba. Sadiƙa, sa mayafinki ki je shago, ki ce wa Salman ina kiransa."